An tura ni Ingila koyon gini, na ɓuge da ƙera gidajen da ake ƙonawa

Duk wanda ya tambaye ni aikin da na yi a Ingila, "kafinta" nake ce masa, mu wuce wurin. Ba ƙarya na yi ba, don na yanka katako, na yi gugar samfefa har zanen yatsuna ya shafe. Sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba. Kwanakin baya ɗan ƙanena ya tsare ni bayan sallar isha'i, ya ce, "Baffa, wane irin kafinta ne zai shekara 30 yana aiki bai taɓa yin kujerar da mutum zai zauna a kai ba?" Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. To ga amsarsa, shi da duk mai son ji: ƙananan samfurin gidaje da jirage nake ƙera wa masu shirya finafinai, a ɗauke su a kyamara su fito kamar na gaske.

A Fagge aka haife ni, a 1957. Mu yaran lokacin ba a saya mana kayan wasa, mu ke ƙera abinmu: motar kara, motar langa-langa, tayoyi na murfin kwalba ko na tsohon silifa. Ni nawa ya yi yawa. Sai in je bakin tasha in tsuguna ina kallon gingimari, inda tsatsa ta ci ƙofa, inda direba ya ɗaure madubi da waya, in dawo gida in kwaikwaya har da tsatsar. Inna takan ce hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Baba kuwa sai ya girgiza kai ya ce Allah Ya sa wannan ƙiriniya ta zama alheri.

Sinima a idon iyayenmu wurin 'yan iska ne, saboda haka a ɓoye na fara shiga Plaza, yayan wani abokina ya biya mini. Na ga na Indiya, na ga na kaboyi, amma wanda ya hana ni barci shi ne Jason and the Argonauts, inda ƙwarangwal 7 suka tsiro daga ƙasa da takubba da garkuwa suna faɗa da mutane. Da aka fito, wasu suka ce aljanu Turawa suka ɗauka aiki, wasu suka ce siddabaru ne. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne ta yaya. Sai bayan shekaru na san cewa mutum ɗaya ne ya yi aikin, Ray Harryhausen, da 'yan ƙwarangwal ɗin da ba su kai tsawon kamu ɗaya ba. Ya motsa hannun wannan kaɗan, ƙafar wancan kaɗan, ya ɗauki hoto ɗaya, ya sake. Hoto 24 ke ba da sakan ɗaya a fim. Faɗan da bai kai minti 5 ba ya ci masa wata 4 da rabi.

A 1979 na sami tallafin karatu na tafi Landan koyon zanen gine-gine. Lokacin kuɗin mai na nan, ɗalibi yana cin nama. Zuwa 1982 farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a gida, kuɗinmu suka fara jinkiri, daga baya suka daina zuwa kwata-kwata. Na wanke kwanuka, na yi gadi. Wani malaminmu da ya lura cewa ƙananan samfurin gine-ginen da nake haɗawa sun fi zanena kyau, shi ya rubuta mini adireshin wani shagon ƙera samfuri don finafinai a yammacin Landan, can wajen da manyan sutudiyo irin su Pinewood da Shepperton suke. Ya ce suna neman mai haƙuri.

Shagon tsohon sito ne, sanyi kamar cikin randa, warin gam da fenti ya cika ko'ina. Abin da na fara gani da na shiga shi ne titi guda cur, da shaguna da fitilun kan hanya da motoci, duka a kan tebur, kuma gini mafi tsawo a ciki bai wuce ƙirjina ba. Maigidan wani tsohon Bature ne mai ƙarancin magana, wanda ya koyi sana'ar tun zamanin shirye-shiryen 'yar tsana na talabijin da aka yi a Slough cikin shekarun 1960. A can ne Derek Meddings, gwanin wannan sana'a, ya yi suna kafin ya koma finafinan James Bond, kuma da yawa daga tsofaffin maƙeran Ingila zuriyar wannan wuri ne. A zuciyata Tsoho nake kiransa, haka kuma zan kira shi a nan.

Aikin farko da ya ba ni bangon wani sito ne. Na kwana 4 a kansa, na zana kowane bulo, na shafa fenti sumul, na kai masa ina jin kaina. Ya ɗaga ya juya, bai ce komai ba. Sai ya ciro jakar ganyen shayi daga kofinsa ya matse ta a saman bangon, ruwan ya gangaro ya ɓata mini aiki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Yaro, in an yi ruwa, ta ina yake bi a jikin ginin nan? Wa ke jingina a nan yana shan taba? Ina kare ke ɗaga ƙafa? Ginin da ka kawo mini ba wanda ya taɓa zama a cikinsa."

A daren nan na tuna gidajen unguwarmu bayan damina: layin da ruwan indararo ke bari a jikin katanga, baƙin maiƙon hannu a ƙofar zaure daidai inda kowa ke dafawa, ƙurar hunturu da ke kwanciya a saman taga ba a ƙasanta ba. Ashe na daɗe da sanin abin da yake nufi, makaranta ce ta wanke mini shi. Washegari na ɗauko garin alli da toka da tsohon buroshin haƙori na tsufar da bangon da shekara 50. Ya duba, ya ce in zo ranar Litinin. Iyakar yabon da na taɓa samu a bakinsa ke nan, kuma na shekara 16 a shagon nan.

Sana'ar nan duk yaudarar ido ce, ido kuwa ba wawa ba ne. Ƙaramin abu yana faɗuwa da sauri, babban abu yana ɗaukar lokaci, kuma ko yaron goye ya san haka ba tare da an koya masa ba. Shi ya sa ake gudu da kyamara fiye da ƙa'ida, in an dawo da hoton daidai sai komai ya yi nauyi. Lissafin a kanmu yake kamar karatun allo: in samfurin kashi 1 cikin 16 ne na girman gaske, sai a ninka 24 sau 4, tunda 4 sau 4 ne ke ba da 16, a ɗauki hoto 96 a sakan ɗaya. Gudun kyamara kuma yana cin haske, ga shi dole a tsuke idonta don gaba da baya su fito tar, sai a jibga fitilu har zafi ya fara narkar da roba. Na sha ganin rufin da muka yi sati muna yi yana lanƙwashewa a gabanmu kamar kitse a kasko.

Ruwa da wuta su ne abokan gabarmu, don ba sa ƙanƙancewa. Ɗigon ruwa girmansa ɗaya, ko a jikin jirgin gaske ko a jikin na wasa, kuma da ya bayyana asiri ya tonu. Dalilin da ya sa ke nan Meddings, da zai yi jirgin dakon mai na fim ɗin James Bond mai suna The Spy Who Loved Me na 1977, ya gina shi sama da ƙafa 60 ya kai shi tekun Bahamas. Mu da ba mu da irin wannan kuɗi, gishiri muke zubawa daga sama ya zama ruwa mai gangarowa daga dutse. Dutsen kuma filasta ne da buhu, bishiyoyi saiwar ciyawa ce busasshiya. Injuna da bututu kuwa, kwalayen kayan wasan yara na Airfix da Tamiya muke saye, mu ɓalle ƙafar tankar yaƙi mu manna a matsayin janareta, mu ɗauki bindigar jirgin ruwa ta zama famfo. Haka su Lorne Peterson suka yi wa jiragen Star Wars a wani sito a Van Nuys, cikin Kalifoniya, inda George Lucas, mai fim ɗin, ya kafa ILM, kamfanin dabarun hoton fim, a 1975. A nan ne John Dykstra da mutanensa suka haɗa kyamarar da na'ura ke jan ta, ta maimaita tafiya ɗaya sak sau nawa aka ga dama. Jirgin yana tsaye a gaban shuɗin allo, kyamara ce ke yawo, mai kallo kuwa ya rantse jirgin ne ke tashi. Da na ji labarin kwalayen wasan nan na ce a raina, ashe dai motar langa-langa ce ta sami jari.

A 1986 na zo gida da hotuna. Akwai ɗaya da na tsaya a tsakiyar wani gari, kaina ya fi hasumiyar agogo tsawo. Baba ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wato an tura ka ka koyi gini, ka koma motar kara." Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Kana sassaƙa mai rai?" Na ce a'a, Baba, gidaje ne da jirage da duwatsu. Ya ce, "To riƙe nan, kada ka tsallaka. Allah Ya yi albarka." Na riƙe. Duk lokacin da aikin dodo ko fuskar mutum ya shigo shago, Tsoho ya san ba nawa ba ne, bai taɓa tambayata dalili sau biyu ba. Shi ne ma da kansa ya share mini wani lungu bayan ɗakin feshin fenti ya shimfiɗa kwali, ya hana kowa ajiye kaya a wurin, don in riƙa salla.

Abin da mutane suka fi kasa ganewa shi ne yawancin abin da muka gina don a rushe shi muka gina. Akwai wata matatar mai da mu 6 muka yi mako 11 a kanta. Kowane tsani, kowane bututu, har da 'yan fitilu ƙanana kamar ƙwayar gero. Mun raunana ginshiƙan ta ciki don su karye a inda ake so, masu abin fashewa suka ɗaura wayoyinsu, aka jera kyamara 3. Dama ɗaya ce tak. Aka ƙirga, wuta ta tashi, abin ya yi kyau har wani ya yi tafi. Sai mai babbar kyamarar ya buɗe ta, muka ga fim ɗin ya cukurkuɗe a ciki kamar taliya. Irin wannan gudun yakan sa na'ura ta tauna fim. Sauran biyun kuma daga gefe suke, ba su isa ba. Tsoho ya dubi tokar, ya dubi agogonsa, ya ce a ɗora shayi. Muka sake gina ta cikin mako 4, muna kwana a shago. Da fim ɗin ya fito na ƙirga: sakan 3 aka bari. A jerin sunayen ƙarshe kuma sunan shagon kawai aka sa.

Wannan bai dame ni a lokacin ba kamar yadda kuke zato. A wurinmu, in mai kallo ya ce "kai, samfurin nan ya yi kyau", to mun faɗi. Cin nasara shi ne ya wuce bai san an yi komai ba.

Sai 1993. Muka tafi mu duka kallon Jurassic Park, fim ɗin manyan dabbobin zamanin da da suka ƙare a duniya, bayan tashi daga aiki. Da dabbar nan mai dogon wuya ta bayyana tana tafiya cikin hasken rana, fatarta na motsi, ba wanda ya ƙara taɓa gugguru a layinmu. Da muka fito Tsoho ya ɗaga kwalar rigarsa ya ce, "Yara, ku fara neman abin yi." Daga baya muka ji yadda ta kasance can Amurka. Phil Tippett, gwani a motsa 'yan tsana hoto bayan hoto, shi aka ɗauka tun farko ya yi dabbobin. Sai wasu matasa a ILM ƙarƙashin Dennis Muren suka nuna wa Steven Spielberg gwajin da suka yi a kwamfuta, ya sauya shawara. Tippett ya ce shi ma ga alama ya bi sahun dabbobin da suka ƙare a duniya, Spielberg kuwa ya ɗauki maganar ya saka a cikin fim ɗin. Amma ku lura da abin da ya biyo baya. Masu kwamfuta sun iya zana dabba, ba su san yadda take ɗora nauyinta a ƙafa ba. Tippett aka riƙe ya koya musu, har aka ƙera wa mutanensa wani ƙwarangwal na ƙarfe da suke motsawa da hannu kwamfuta tana karantawa. Da aka ba da Oscar, babbar lambar yabo ta finafinai, a 1994, sunansa na ciki.

Sana'ar ba ta mutu rana ɗaya ba, kuma wannan ne ya ruɗe mu. Fadar White House da aka tarwatsa a Independence Day a 1996 samfuri ce. Jirgin Titanic na 1997 akwai samfurinsa mai tsawon sama da ƙafa 40. A New Zealand, Richard Taylor da mutanen Weta suka gina wa The Lord of the Rings birane masu cika ɗaki. Duk wanda ya fito sai mu ce ka gani, ba su iya yi ba mu. Amma ƙananan ayyukan da ke ciyar da shago irin namu, tallan mota, tallan sabulu, shirin talabijin, su suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. A 1999 aka rufe mu. Waɗanda suka sayi shagon daga hannun Tsoho shekara 2 kafin nan suka tafi da albashinmu na wata 2, har yau. Aka kawo babbar motar shara, muka ɗebi aikin shekaru da hannunmu muna jefawa. Na zare ƙofa ɗaya daga wani gida, tsawonta bai kai tafin hannuna ba, na sa a aljihu.

Ina da shekara 42, da iyali, na koma aji tare da sa'o'in 'ya'yana ina koyon linzamin kwamfuta. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma gaskiya ban taɓa iya rawar nan da kyau ba. Hannun da ya saba jin katako ba ya jin komai a jikin allo. Na sami ɗan wuri a wani kamfani, ni ne mafi jinkiri a ɗakin. Wata rana wata yarinya da ke kusa da ni ta yi kwana 3 tana fama da wani gini, shugabanta yana ta dawo mata da shi yana cewa bai yi kama da gaske ba, ya kuma kasa faɗa mata dalili. Na leƙa. Ta zuba masa datti, amma ko'ina daidai wa daida, kamar an barbaɗa yaji a tsire. Na ce, "'Yata, in an yi ruwa, ta ina yake bi?" Ta juyo tana kallona. Daga ranar aikina ya zama yawo tsakanin tebura da kofin shayi, ina cewa wannan motar ba ta da nauyi, wannan hayaƙin na ƙaramar wuta ne, wannan matattakalar ba wanda ya taɓa taka ta. A haka na ci abinci shekara 12.

Ba na cikin tsofaffin da ke zagin kwamfuta. Na ga yaran nan sun yi abin da ko a mafarki ba za mu iya ba. Tausayinsu ma nake ji. Mu da an ƙona matata, magana ta ƙare, darakta ko ya so ko ya ƙi sai ya karɓa, kowa ya tafi gida. Su kuwa nasu ba ya ƙonewa, saboda haka ana iya cewa a sake sau 40, har daren da za a kai fim sinima, kuma a kan kuɗin da aka yi ciniki tun farko. A 2013 kamfanin zanen kwamfuta na Rhythm & Hues ya shigar da takardar karayar arziki, bayan 'yan kwanaki ya karɓi Oscar saboda damisar Life of Pi, ma'aikata kuma suna waje suna zanga-zanga. Sai a 2023 masu wannan aiki a kamfanin fim na Marvel suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago, abin da masu fitila da masu kyamara suka daɗe da samu.

Namu kuwa, ko ILM ta sallami sashen maƙeranta a 2006, suka koma cin gashin kansu da sunan Kerner Optical, a 2011 su ma suka rufe. Lokaci-lokaci wani darakta yakan tuna da mu. Christopher Nolan ya sa an gina jiragen Interstellar da hannu a 2014. A 2019 John Goodson ya ƙera jirgin The Mandalorian, John Knoll kuma ya haɗa na'urar jan kyamara irin ta da. Na ji daɗi, amma na san irin kiran nan: kamar a gayyato tsohon makaɗi bikin jika ne, a yi masa kari, gobe a koma wa na'ura.

Tsoho ya ƙare a gidan kula da tsofaffi, abin da har na bar ƙasar ban saba da shi ba. Nakan je duk ranar Lahadi ta biyu. Hannun nan da ke zana tagar da ba ta kai farce ba ya koma rawa, ko cokali ba ya riƙewa. Ƙirjinsa kuma irin nawa ne yanzu, don a zamaninmu ba mai rufe hanci, mun shaƙi ƙurar roba da feshin fenti kamar turare. Zuwana na ƙarshe bai gane ni ba. Yana kwance yana kallon silin, inda ruwa ya taɓa yoyo ya bar shaci ruwan ƙasa. Can ya ɗaga yatsa ya nuna, ya ce, "Duk wanda ya yi wancan ya san aikinsa." A 2013 ya rasu, shekarar da Harryhausen ma ya rasu a Landan yana da shekara 92.

Na dawo Kano a 2016. Ƙofar nan da na zare tana kan kabad a ɗakina, da ɗan marfin wasiƙarta da baƙin maiƙo daidai wurin dafawa, wanda na yi da fensir da yatsa. Da hunturun bara ya shigo, ƙura ta kwanta a saman katakon da ke gicciye, siririya, ja-ja, irin wadda na yi shekaru ina kwaikwaya da garin alli ban taɓa samun launinta daidai ba. Uwargida ta shigo da tsumma za ta goge. Na ce, "Hajiya, don Allah bar ta haka."